Yaushe rabonku da fita da yara su ga Jos?

Malamin Gangare
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon kowa ya amsa tsakaninsa da Allah. Yaushe rabonka da ka kwashi iyalinka ranar Asabar ko Lahadi ka fita da su, ba don biki ba, ba don ta'aziyya ko dubiya ba, sai don kawai su ga garin da aka haife su?

Abin da ya tayar min da maganar, na tambayi ɗalibaina wa ya taɓa hawa duwatsun Shere, hannun da ya tashi bai taka kara ya karya ba. Alhali duwatsun nan kullum suna tsaye a gabas da mu, duk wanda ya ɗaga kai zai hango su. Mutane na tasowa daga Kano da Abuja da Legas, su kama ɗaki a otal, su biya ɗan rakiya, don su ga abin da mu muke wucewa ta gefensa ko a jikinmu. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, shi ya sa iskarmu ta fita daban da ta sauran Arewa. Kuma yanzu ne lokacin: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai rufe sama ba. Nan da 'yan makonni sai ƙura da tsagewar leɓe.

Damuwata ba ta tsaya ga kallon dutse ba. Yaranmu suna tasowa ba su san komai ba sai layinsu da makarantarsu da wayar da ke hannunsu. Yaron Gangare bai san Rayfield ba, na Rayfield bai san Gangare ba. Ni wannan ba ƙaramar asara nake ganinta ba. Me kuka ce?

Mai Keke, Bauchi Road
Wa alaikumus salam. Malam, ina ganin girmanka, amma wannan maganar wanda ya ƙoshi ce. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mu sake komawa daidai ba. Asabar ita ce ranar da nake ɗan samu: 'yan biki, 'yan kasuwa, matan da za su Farin Gada cefane. In na ajiye keke na tafi hawan dutse, wa zai ba mai keken balas ɗinsa da yamma? Yara su ci su ƙoshi, a biya kuɗin makaranta tukuna. Dutse yana nan, ba inda za shi.

Maman Ikram
Ni tawa matsalar daban ce, Malam. Ku maza in kun ce a fita, hula kawai za ku sa ku tsaya a ƙofar gida kuna duba agogo. Wa zai tashi tun asuba ya soya dankali, ya haɗa zoɓo, ya yi wa yara wanka, ya nemo rigunan sanyi? Wa zai dawo da magariba ya tarar da wankin kayan makaranta yana jiransa? Ga Islamiyya safiyar Asabar da Lahadi, ga kitson yara mata, ga biki wanda in ba ki je ba a ce kin yanke zumunci.

Ba wai ba na son fitar ba ne, wallahi ina so. Muna yara babanmu, Allah ya jiƙansa, duk washegarin Sallah sai ya kai mu gidan zu, mu dawo da ƙura har gira muna ta labarin birai har sati. Ina so nawa su samu irin wannan. Amma a tsara ta yadda uwar ma za ta san ta fita.

Malamin Gangare
Gaskiyarku ku biyun. Maman Ikram, sharaɗinki ya shiga, ki riƙe shi, za mu dawo kansa. Mai Keke, ɗan'uwana, ba wurin da ake kashe dubbai nake nufi ba. Tabarma da gorar ruwa da gyaɗa sun isa. Kuma dutsen yana nan kamar yadda ka ce, amma yaron ne ba zai tsaya yana yaro ba.

Ummi 'yar jami'a
Baba Malam, in kuɗi ne matsalar, ai ga gidan tarihi nan a tsakiyar gari, ƙafa ma za ta kai mutanen Gangare da Dilimi. Ni ban san darajarsa ba sai da aka tura mu aikin makaranta. An buɗe shi tun 1952, kafin samun 'yancin kai. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 a kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake jihar Kaduna. Wani kan da aka samu a wajen Jema'a a 1943, sai da ya yi zaman korar dabbobi a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihin. Akwai ɓangaren tukwane daga sassan ƙasar nan, akwai tsoffin rubuce-rubucen Larabci na hannu, akwai tsoffin kawunan jirgin ƙasa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɓangaren gine-ginen gargajiya. An kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa, a girmansu, mutum ya shiga ya ɗaga kai ya ga yadda magina na da suke ɗaure baka ba ƙarfe ba siminti. Ƙanina da na je da shi, shi da ba ya zama wuri ɗaya, tsit ya yi yana shafa bango. Gidan zu kuma yana nan maƙwabtaka, rana ɗaya a haɗa biyun.

Baba na Bukuru
Ummi, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa.

Kawunan jirgin nan da kika gani, ku sani da su aka gina garin nan. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914 saboda kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, bayan babban layi ta Kafanchan ya riga ya iso tun 1927. Wutar lantarkin da ake samarwa a Kurra, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929, don injinan haƙar kuza aka yi ta tun asali. Mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo lebura. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka dinga kwaso mutane daga lardunan Arewa a kan tilas ana kawo su nan. Da yawa sanyi da yunwa suka kashe su, ba su koma gida ba. Ni kuma na yi aikin har farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, kamfanoni suka watse suka bar mu da ramuka.

A barikin kamfani da na taso, ɗakinmu na jikin na wani mutumin Birom, gaba da mu Ibo, bayanmu Bayarabe da Babarbare. Ranar Lahadi da yamma kowa ya fito fili, a buga ƙwallo, mata su baza tallan ƙosai da kunu. Ba wanda ya kira abin da wani suna, zama ne kawai. Don haka Malam, maganarka na gane ta sarai.

Amma ga gargaɗina, kuma don shi na sa yarinyar nan ta ɗauki waya. Ruwan da kuke gani kwance shuɗi shar a Rayfield da Bukuru da hanyar Barikin Ladi, yawancinsa ba tafkin Allah ba ne, ramin kuza ne da ruwa ya cika. Tafki yana da gaɓa, kana shiga a hankali yana ƙara zurfi. Ramin kuza ba shi da gaɓa, inji ne ya yanke shi a tsaye: taku ɗaya ruwa a gwiwa, taku na biyu babu ƙasa. Ƙarƙashinsa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ƙasan kuma sanyi gare shi da ke ɗaure jijiya ko ka iya iyo. Na ga an fito da samari daga ramukan nan, ba na fatan kowane uba ya ga abin da na gani. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku je ku zauna a baki, ku sha iska, ku kalli masu noman rani suna ja da injinsu, amma kada yaro ya tsoma ƙafa. In wurin da ake hawa kwale-kwale ne, ba rigar ruwa, ba hawa. Sannan a daji ku lura da ramukan loto da masu haƙa suke bari a buɗe, ciyawa na rufe bakinsu a wannan lokacin.

Maman Ikram
Innalillahi. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wallahi ban san haka ramukan suke ba, kuma babban ɗana yana bin abokansa wajen ruwa. Yau ɗin nan zan karanta masa wannan.

Ɗan Jos a Abuja
Ku da kuke gida ba ku san abin da Allah ya ba ku ba. Mu nan ranar Lahadi da yamma ku zo ku ga yadda ake cika Millennium Park, wanda aka buɗe a 2003, da bakin tafkin Jabi. Iyalai da tabarmi da kuloli, kowa na neman inuwa. Matasa kuma sun kafa ƙungiyoyin hawan dutse, Asabar da sassafe sai ka gan su a jere, har kuɗi suke biya. Duk da haka ƙarfe goma na yi rana ta kore ka.

Ni in na taho gida, daga na wuce magangarar ruwa ta Assop na fara hawan Kibo sai in kashe na'urar sanyi in sauke gilas. Iskar da ke bugo ni a nan ita ce sallamar garinmu. Yarana a nan aka haife su, amma duk hutu sai na tsaya da su a Assop da dutsen Riyom, wanda duwatsu suka hau kan juna kamar da hannu aka jera, har mutane na cewa ya yi kama da taswirar jihar. Malam, ina bayanka. In an sa rana zan taho, in ban samu zuwa ba zan sa hannu a kuɗin mota.

Baban Fatima, Dilimi
Na karanta duka, na so in yi shiru amma na kasa. Kuna ta lissafa wurare kamar ba a garin nan aka yi rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ba. Ƙanina ya fita da safe bai dawo ba, har yau ba mu ga gawarsa ba, 'ya'yansa a hannuna suke. Ku ce in kwashi marayun nan in kai su bayan gari, cikin duwatsu, inda in wani abu ya tashi ba mu san hanyar gudu ba? Mun san yadda garin nan yake, jita-jita ɗaya ta isa a rufe hanya. Malam ya ce yaron Gangare bai san Rayfield ba. To ba lalaci ne ya hana ubansa kai shi ba, akwai dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Ban hana kowa ba. Amma kada a mai da mu marasa son gari don mun zauna a inda hankalinmu yake kwance.

Malamin Gangare
Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari, ya ba ka ladan riƙo. Alhaji, ba wanda ya isa ya ce maka ka manta, ni ma ba zan ce ba. Kuma ba wanda zai ga laifinka in ka zauna.

Ngo ta Vom
Salama gare ku duka. Baban Fatima, ɗana, na ji maganarka har cikin ƙashina. Allah ya ta'azantar da kai da yaran nan. Mu ma mun binne namu. Ɗan yayata a hanyar dawowa daga kasuwa ya gamu da ajalinsa, kuma akwai unguwannin cikin Jos da na yi shekaru ban taka ba, in mota ta bi da ni ta wajen sai in ji gabana na faɗuwa. Tsoron da kake ji, irinsa ne a gidajenmu. Abin da yake ba ni baƙin ciki shi ne jikokina sun gaji tsoron ba su gaji sanin ba. Ni na san matan da muka yi makaranta tare, na ci tuwon Sallah a gidajensu, sun ci shinkafar Kirsimeti a namu. Jikokina ba su da ko mutum ɗaya irin wannan da za su tuna. In mu da muka san juna muka tafi, wa zai faɗa musu an taɓa yin haka?

Ba na ce a ɗebi yara a shiga daji da ka ba. A fara da inda kowa ya yarda da shi, da rana tsaka, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. In hankali ya kwanta, ƙofata a buɗe take. Ku zo Vom lokacin sanyi ku ga gonakin sitiroberi na Chaha, yara su tsinka da hannunsu. Su ga yadda ake shinge gona da ƙerana, su ga kabeji da karas a ƙasa ba a kan tebur ba, su ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke nan tun 1924. In dafa muku gwaten acha da ganye, nama kuma ku zo da naku mahaucin ya yanka, don kowa ya ci da natsuwa. Na san abin da ya kamata.

Mai Kayan Gwari, Farin Gada
Ngo, Allah ya ja kwana. Ni shaida ne a kan abu ɗaya. Kullum da asuba motocin dankali daga Bokkos da Mangu, da kabeji da koren wake da tumatir daga ƙauyuka, a gabanmu ake sauke su. Manoman nan na ba ni kaya bashi in biya bayan kasuwa ta tashi, ni ma ina ba su kuɗin taki kafin damina, ba takarda ba shaida. Wani mutumin Bokkos mun fi shekara goma muna haka. Amma ban san ƙofar gidansa ba, bai san tawa ba, 'ya'yanmu ba su taɓa haɗuwa ba. Da Ngo ta yi magana sai abin ya dame ni. Mun yarda da juna a kan kuɗi, wanda shi ne mai wuyar, mun kasa yarda a kan zama a tabarma ɗaya.

Baban Fatima, Dilimi
Ngo, na gode da ta'aziyya, ke ma Allah ya ba ki haƙuri. Maganarki ta shige ni. Amma zuciya ba a yi mata dole. Vom dai ba yanzu ba.

Ngo ta Vom
Ba komai ɗana. Ba gaggawa.

Hajiya ta Rikkos
Ni ina goyon bayan fita, kallon halittar Ubangiji ma ai ibada ce ga mai tunani. Amma a faɗi gaskiya, wasu wuraren shaƙatawar ba na zuwa da yara ba ne. Mun je wani wuri da jikokina, kiɗa kamar zai fasa kunne, hayaƙin shisha ta ko'ina, ba wurin alwala, ba makewayi mai tsafta. Ko zama ba mu yi ba muka juyo. Don haka duk inda za a zaɓa a duba uku: inda za a yi sallah in lokaci ya yi, inda mata za su kewaya, da kuma irin mutanen da ke cika wurin.

Sai abu na biyu da ke ci min tuwo a ƙwarya, kuma mu ne da kanmu. Leda. Mu je wuri mai kyau, mu ci mu sha, mu tashi mu bar ledar ruwa da robar lemo da takardar tsire. Dubi kogin Dilimi yadda muka mai da shi juji, ruwan sama na sauka ya toshe ya shiga gidajen mutane. In za mu koya wa yara son gari, a fara da buhu ɗaya da za a zuba shara a dawo da ita.

Ɗan Laminga
Hajiya, kin gama magana. Mu da muke zaune a gindin duwatsun mu muke kwashe abin da baƙi suka bari, awakinmu kuma su ci leda su mutu.

Ina so in ƙara wani wuri da ba a ambata ba. A nan Laminga akwai dajin Amurum, wanda mutanen gari suka hana sara da farauta a cikinsa, kuma a nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, tana aiki da Jami'ar Jos. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa karatu. An ga tsuntsaye kusan nau'i 300 a ɗan dajin nan. Akwai wata 'yar tsuntsuwa ja, dangin baiwar Allah, mai zama cikin duwatsu, wadda masana ba su tantance ta a matsayin jinsi na daban ba sai 1998, kuma a ƙasar nan tamu aka gano ta. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya gina sheƙa: macen sai ta saka ƙwanta a sheƙar waccan jar, ita ta ƙyanƙyashe ta rena, namijin kuma in ya girma kukan uwar riƙonsa yake yi. Yanzu haka ma baƙin tsuntsaye daga Turai suna isowa, sun ƙetaro Sahara, wasu ba su kai nauyin ƙwan kaza ba. Yaron da ya ga an sa wa irin wannan zobe a ƙafa an sake shi, da wuya ya sake ɗaukar danƙo.

Amma wurin bincike ne, ba a faɗa masa da taro da hayaniya, sai an nemi izini an sa rana, kuma da sassafe ake ganin tsuntsu. Haka Shere. Don Allah kada a hau ba ɗan gari. Ku fara gaida mai unguwa, ya haɗa ku da yaron da ya san hanya, ku sallame shi da abin da ya sauƙaƙa. Akwai wuraren da mutanenmu Afizere suke girmamawa, akwai gonaki a tsakanin duwatsu, ɗan rakiya zai nuna muku inda ba a takawa. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba. Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Kuma Baban Fatima, ranka ya daɗe, shigowa ta hannun mai unguwa ita ce tsaron da ya fi kowane, don daga ya karɓe ku kun zama baƙinsa.

Mai Keke, Bauchi Road
Wannan na tsuntsun da ke renon ɗan wani, yarona na biyu zai so shi, kullum yana kan katanga yana leƙen sheƙa. To ni dai Asabar da safe ba za ta yiwu ba, kada in yi muku ƙarya. Amma in daga azahar ne zuwa la'asar, kuma cikin gari, zan iya kawo su in koma aiki in dawo in ɗauke su. Har yaran maƙwabta zan ɗauko, ba sai an biya ni ba.

Ummi 'yar jami'a
Ai hakan ya yi daidai da Islamiyya ma, an tashi kafin azahar. Lahadi kuma su Ngo suna coci da safe, Asabar ɗin ta fi.

Ɗan Jos a Abuja
Ni da na so a fara da Shere tun ciyawa na kore. Gidan tarihi ko cikin hazo ana zuwa, amma kallon gari daga saman dutse in ƙura ta sauko shi ke nan sai baɗi.

Hajiya ta Rikkos
Ɗana, kai kana da ƙafa. Baba na Bukuru fa? Ngo fa? Masu goyo fa? Fitar farko a yi wadda kowa zai iya. Ku samari ku haɗa taku ta dutsen da Ɗan Laminga a wani satin, ba wanda ya hana.

Malamin Gangare
Hajiya ta raba gardama. Ga yadda na fahimta, wanda bai yarda ba ya yi magana. Asabar ta sama, ba wannan ba, bayan sallar azahar, a haɗu a ƙofar gidan tarihi. Ummi za ta je cikin satin nan ta tambayo kuɗin shiga na manya da na yara, da lokacin tashi, ta duba wurin sallah da makewayi kamar yadda Hajiya ta ce. Kowane gida ya zo da tabarma da ruwansa. Buhun shara a wuyana. Samari su tsara ta Shere da Ɗan Laminga kafin hazo, Amurum kuma sai ya nemo mana izini. Gayyatar Ngo tana nan ga wanda ya shirya, lokacin sitiroberi.

Sai sharaɗin Maman Ikram: ranar ba macen da za ta ɗora tukunya saboda fitar nan. Mu maza za mu haɗa kuɗi a sayo tsire da masa.

Mai Kayan Gwari, Farin Gada
Lemo da ayaba da kankana daga wajena. Kuma zan kira mutumin Bokkos ɗin nan in ce ya zo da yaransa in zai iya.

Maman Ikram
To yanzu aka yi magana. Wankin ma ranar Juma'a da yamma zan sa yaran su yi abinsu. A sa ni da yara huɗu, da maƙwabciyata in mijinta ya yarda.

Baba na Bukuru
In Allah ya kai mu da lafiya jikata za ta kawo ni. A samo min kujera a ajiye kusa da kawunan jirgin nan, a tara min yaran, in nuna musu inda ake zuba gawayi da inda direba ke tsayawa.

Ngo ta Vom
Zan zo da jikoki uku. Kunun tamba kuma ba za ku hana ni ba, wannan ba girki ba ne, tun dare nake dama shi.

Baban Fatima, Dilimi
Malam, gidan tarihi ai ba nisa da mu. Ban yi alkawari ba, sai na ga yadda gari ya kwana ranar. In na zo, da yaran zan zo, kuma ƙarfe biyar muna gida.

Malamin Gangare
Ƙarfe biyar kowa ma yana hanyar gida, Alhaji. Ummi, ki tambayo har da ko ana barin a shiga da abinci, in ba a bari mu san inda za mu shimfiɗa tabarmin.

Ummi 'yar jami'a
To Baba Malam, ranar Talata ba ni da lacca da rana, zan je. A turo min yawan yaran kowane gida kafin nan, ko za su yi mana ragi tunda muna da yawa.